Ranar Awo Ake Ceton Fili: Sharhi a Kan Babi Guda na Jane Jacobs

Manhajar Google Earth tana da wani maɓalli da ke mayar da hoton tauraron ɗan'adam baya, shekara bayan shekara. Idan aiki ya ishe ni nakan ɗora shi a kan unguwar da yayata ta tare a gefen Kano. A hoto mafi tsufa gonaki ne, da ɗigon bishiyoyi a tsakaninsu. A na gaba sai ga layukan bulo an kewaye filotai. A na gaba kuma kwano ya fara ƙyalli. Duk tsawon wannan lokaci akwai wani jan fili a tsakiya, wanda ƙafafun 'yan ƙwallo suka murje har ciyawa ta daina fitowa. Daga hoto zuwa hoto yana tsukewa, an ci ta gabas, an ci ta kudu, har ya zama rufin gidaje kamar sauran. Yau 'ya'yan yayata a lungu suke buga ƙwallo, idan adaidaita sahu ta taho su ɗauke duwatsun raga su manne da bango har ta wuce.

Da wannan hoton a raina na koma na sake karanta babi na biyar na littafin Jane Jacobs, The Death and Life of Great American Cities, wato mutuwa da rayuwar manyan biranen Amurka, wanda ya fito a 1961. Babin kacokan a kan filayen shaƙatawa na unguwa yake. Na same shi da kaifin hankali fiye da yadda na tuna, na kuma same shi da haɗari ga gari irin namu idan aka karanta rabinsa aka rufe.

Abin da babin ya zo da shi

Jacobs ba ta yi karatun tsara birane ba. 'Yar jarida ce da ta yi aiki a wata mujallar gine-gine a birnin Niyok, makaminta kuma shi ne tsayawa a bakin titi ta kalli abin da mutane ke yi. A zamaninta masu tsara birane sun ɗauki fili mai ciyawa tamkar magani a gonar yaro: unguwa ta lalace, a rushe a yi fili, yara sun kangare, a ƙara fili. Ita kuwa sai ta juya zancen. A ganinta unguwa ce ke raya fili. Idan mutane iri-iri na ratsa shi a lokuta daban-daban na yini, zai zama abin alfahari. Idan babu masu ratsawa, komai kyan ciyawarsa zai zama kufai, kuma kufai ba ya rasa mai tarewa a cikinsa.

Hujjarta mafi ƙarfi daga Filadelfiya ta ɗauko ta. Lokacin da William Penn ya kafa garin a 1682, shi da ma'aunin filayensa Thomas Holme sun ware dandali biyar: guda a tsakiya, inda daga baya aka gina ofishin magajin gari, sai huɗu masu girma ɗaya a kusurwoyi huɗu. Shekarunsu ɗaya, faɗinsu ɗaya, nisansu da tsakiyar gari ɗaya. Amma da Jacobs ta zo kusan shekara 280 bayan haka, sai ta tarar kowanne da tasa ƙaddarar. Rittenhouse ya zama ɗan gata, cike da jama'a tun safe har dare. Washington, wanda manyan ofisoshi suka kewaye, ba ya ganin mutane sai lokacin cin abincin rana, har ya yi ƙaurin suna, hukuma ta rufe shi ta sake masa fasali. Franklin ya zama matattarar marasa galihu da marasa aikin yi. Logan kuwa an mayar da shi shataletale, motoci na kewaya shi.

Inda rubutun ya fi daɗi shi ne wurin da ta bi yini guda a Rittenhouse. Masu tattakin asuba, sai masu fita aiki, sai masu shigowa aiki daga wasu unguwanni, sai iyaye mata da ƙananan yara, sai ma'aikata da abincin ranarsu, sai 'yan makaranta, sai samari da 'yan mata da yamma, tsofaffi kuma suna nan a kowane lokaci. Ba ta yi ado da kalmomi ba, jerawa kawai ta yi, amma kafin ka gama sakin layin ka gane dalilin: gefunan dandalin akwai gidaje da shaguna da ofisoshi da makarantu a cakuɗe, don haka agogon masu amfani da shi ba ɗaya ba ne. Daga nan ta kawo abubuwa huɗu da fili mai rai ke buƙata: ya kasance da saƙo-saƙo iri-iri yadda kowa zai sami abin da ya kawo shi, ya kasance da cibiya, ya sami rana, kuma gine-gine su yi masa iyaka bayyananna.

Bakano ba zai yi mata musu a nan ba. Mun san bambancin gindin durumin da ke bakin masallaci, kusa da mai shayi da mai faci, da kangon da ke bayan makaranta wanda ba mai bi ta cikinsa bayan magariba. Na farko idon jama'a ne ke gadinsa. Na biyu ko an sa maigadi sai an yi shaye-shaye a ciki.

Inda awonta bai zo daidai da mu ba

Akwai wurare uku da na ga babin ya gaza idan aka kawo shi nan.

Na farko ƙarami ne amma yana nuna daga inda take kallo. Rana take nema wa masu zama a fili, tana kukan dogayen benaye da ke tare ta. A Kano, inda zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40, filin da ba shi da inuwa ba ya da baƙo daga hantsi har la'asar sakaliya. Abin da rana take a wurinta, shi darbejiya da tsamiya da ceɗiya suke a wurinmu. Kuma wannan ya sauya lissafin lokaci. Benci da fitila ana iya kafa su cikin mako guda, amma bishiyar da za ta ɗauki majalisar mutum goma sai an ba ta shekaru.

Na biyu ya fi nauyi. Jacobs ta yi wa masu kiran filaye huhun birni dariya, ta ce ana bukatar kusan eka uku na daji kafin a shanye iskar da mutum huɗu ke fitarwa ta numfashi da girki da ɗumama ɗaki, ta kuma ba da misali da Los Anjalis mai yalwar fili amma hayaƙi ya addabe shi. Ta fuskar iskar shaƙa tana da gaskiya. Sai dai fili yana da wasu ayyukan da ba ta sa a sikeli ba, domin ba su ne ciwon garinsu ba a lokacin. Ƙasar da ba a shafe da siminti ba tana shan ruwa. Kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne suka riƙa karɓar ruwan damina shekaru aru-aru. An cike da yawansu da shara an yi gini a kai, ruwan kuma bai daina sauka ba, sai ya koma neman hanya ta zaurukan mutane. Filin da ba kowa a cikinsa da tsakar rana yana iya zama shi ne ke hana unguwa kwana a tsaye cikin Agusta.

Na uku shi ne babba, kuma daga cikin misalinta ya fito. Jacobs ta iya kwatanta dandali huɗu ne saboda akwai dandali huɗun. Wani ya ware su tun garin yana kan takarda, kowanne eka takwas, lokacin da babu mai buƙatar wurin shan iska domin daji na bayan ɗaki. Eka takwas ya kai kusan filoti 140 na ƙafa 50 sau 50. Sannan tarihi ya ƙara mata wani babi da ba ta rubuta ba. Dandalin Franklin, wanda ta tarar a wulaƙance, an gyara shi an sake buɗe shi a 2006, shekarar da ita kanta ta rasu, da wurin wasan yara da lilo mai juyawa da tsohon maɓuɓɓugar ruwansa, yau iyalai ne ke cika shi. Ya yi shekaru da dama yana abin kunya, amma da yake ƙasar tana nan, da aka tashi gyara an sami abin gyarawa.

Wannan shi ne abin da babin bai faɗa da ƙarfi ba, domin ta rubuta shi ne ga biranen da suka gama ginuwa suka gaji filaye daga kakanni. Filin da ya mutu ana iya tashinsa. Filin da aka yanka aka sayar wa mutum arba'in, kowa ya gina ya haifi 'ya'ya a ciki, ya tafi ke nan. Garin da ke kan girma ba ya da damar jira ya ga ko unguwa za ta raya fili kafin ya ware shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake cin fili a nan

Haɗarin da na ambata a farko shi ne, maganar Jacobs ta yi kama da hujjar da kowane mai son yanka fili ke kawowa. Wurin ya zama maɓoyar ɓata-gari. Ya zama juji. Ba mai amfani da shi. Sau da yawa ma gaskiya ne. Abin da ba a faɗa shi ne, an bar shi ne babu bishiya, babu fitila, babu mai shara, har ya zama abin da ake zarginsa da zama. Jacobs ta kawo wannan bayani ne don a gyara kewayen fili. Ita ce fa ta shiga sahun matan unguwarsu ta Greenwich Village suka hana Robert Moses, mai faɗa-a-ji a gine-ginen Niyok, ratsa titi ta tsakiyar dandalin unguwar, har aka rufe shi ga motoci a ƙarshen shekarun 1950. Wanda ya ɗauki rabin maganarta ya kai ofishin filaye ya ci amanarta.

A gefen Kano ma sau tari ba a kai ga wannan matakin, domin filin ba ya samuwa tun farko. Yawancin sababbin unguwanni awon igiya ne. Manomi ko magadansa su sayar da gona, dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka ta, kowane taku kuɗi ne. Titi ma da ƙyar ake barin abin da mota ɗaya za ta bi. Idan an yi sa'a a bar filin masallaci, domin wannan kowa na jin kunyar hana shi. Filin ƙwallo cikakke, mai mita 105 sau 68, ya haura filoti 30 na 50 sau 50. Babu dillalin da zai yafe filoti 30 don Allah-ya-yi-maka-albarkar yaran da ba a haifa ba, kuma ban ga laifinsa shi kaɗai ba. Gonar da yake yankawa wataƙila duka-duka ba ta fi haka ba. Kowa na yanka tasa daidai da hankali, jimillar kuma ta zama unguwar mutum dubbai da ba ta da inda za a yi taron ɗaurin aure sai an tare titi.

A awon gwamnati kuwa akan ware. Za ka ga koren akwati a taswira. Amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma abin da sa hannu ɗaya ya ware, wani sa hannun na iya sauya shi. A sana'armu ta rubuta manhaja akwai wani tsari da ke kewaya ƙwaƙwalwar kwamfuta yana duba gurabe: duk gurbin da ya tarar babu wani sashe na manhajar da ke riƙe da shi, sai ya share shi ya ba wani. Haka koren akwatin nan yake. Masallaci na da limami da kwamiti. Maƙabarta na da masu 'yan'uwa a kwance. Kasuwa na da ƙungiya. Filin shaƙatawa shi kaɗai ne ba wanda sunansa ke jikinsa.

Mun ga kuɗin gyara bayan an makara. A Yunin 2023, kwanaki kaɗan da rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka rushe gine-ginen da aka yi a Filin Sukuwa da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata da wasu wurare, bisa hujjar cewa filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabata ta rabar. 'Yan kasuwar Filin Idi suka je kotun tarayya, ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasar, lissafin ɗaya ne: dukiyar mutane ta salwanta, baitulmali ya biya, don a dawo da fili yadda yake tun asali. Kuma waɗannan filaye ne masu suna da tarihi. Jan filin unguwar yayata ba shi da ko suna, balle wanda zai turo katafila dominsa.

Abin da muke da shi a gida

Abin takaicin shi ne ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Waɗanda suka gina ganuwar Kano, tun daga zamanin Sarki Gijimasu zuwa faɗaɗawar da aka yi daga baya, sun kewaye fili fiye da gidajen da ke akwai. Heinrich Barth da ya zo a 1851 ya tarar da gonaki da sarari masu yawa a cikin ganuwa. Dalilinsu tsaro ne da abinci lokacin yaƙi, amma dabarar ita ce ta Penn: ware tun ba a buƙata. Kalmar hurumi tana cikin harshenmu, ƙasar da ke kewayen gari wadda ta kowa ce, ba a nomawa ba a ginawa, kuma Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa. Sunayen unguwanninmu ma shaida ne: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Tsamiyar Boka, Durumin Iya, Rimin Kebe. Bishiya ce ta fara tara mutane, sannan wuri ya sami suna.

Ƙishirwar ma tana nan. Wanda ya taɓa zuwa Gidan Zu na Audu Bako ranar yawon Sallah ya ga yadda iyaye ke biyan kuɗin mota da na ƙofa don yara su sami inda za su yi gudu. Littattafanmu na hikaya da ake karantawa a waya su ma suna tona mana asiri. Lambu ba ya ƙarewa a cikinsu, da korayen ciyayi da furanni da kujerun shan iska, amma kusan kullum a cikin katangar gidan attajiri yake, bayan maigadi ya buɗe get. Ko a mafarki mun daina hango inuwar da ta kowa ce.

Akwai kuma tambayar da Jacobs ba ta buƙaci yi ba amma mu dole mu yi: fili na wa? A dandalinta mata da yara su ne ƙashin bayan yini. A nan majalisa ta maza ce, filin ƙwallo na samari, mace kuma idan ta zauna a fili sai an tambayi me take jira. Idan aka ware fili aka bar shi fetal, 'yan ƙwallo ne kaɗai za su ci moriyarsa, rabin unguwa ba za su ji ciwon ranar da za a yanka shi ba. A nan shawararta ta saƙo-saƙo iri-iri ke da amfani: ɓangaren ƙananan yara da wurin zaman iyayensu mata a inuwa, kusa da Islamiyya ko asibitin sha-ka-tafi inda zuwan mace ba abin tambaya ba ne, da gajeriyar katanga da ake hango ciki daga waje.

Karatun da ya dace da mu

Idan aka haɗa abin da Jacobs ta gani da abin da ta tsallake, ga abin da ya rage a hannuna. A ware fili ranar awo, lokacin da ƙasar ke kan farashin gona. Inda gonaki ƙanana ne, masu gonakin da ke maƙwabtaka su haɗa awo ɗaya kowa ya ba da kaso daidai da girman tasa, mai unguwa da dagaci su tsaya a kai kamar yadda suke tsayawa a kan filin masallaci. Filotan da ke kallon fili sukan fi daraja, don haka ba asara ce zalla ba. A zaɓi wurin a inda ƙafa ke bi, tsakanin masallaci da makaranta da 'yan shaguna, kada a jefa shi can ƙarshen unguwa a bakin rafi don shi ne ba ya sayuwa. A dasa bishiya a daminar farko.

Sannan a ba shi mai shi. Hanyar da na fi gani da ƙarfi ita ce hubusi, wato waƙafi, domin abin da aka yi waƙafinsa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kuma mutumin da ba ya tsoron taswira yakan ji tsoron cin waƙafi. Jihar Kano na da hukumar zakka da hubusi. A rubuta takarda da sunan amintattu daga unguwar, da mata a cikinsu. Ta ɓangaren sana'ata kuma, ba wani aiki mai wuya ba ne a ɗora iyakokin kowane filin jama'a a intanet yadda mai waya zai buɗe ya gani, ta yadda ranar da aka sauke tipar yashi a ciki kowa ya san an shiga haƙƙinsa tun kafin a haƙa tushe.

Ina ba da shawarar a karanta babin, har ma wani ya ɗauki nauyin fassara shi zuwa Hausa, domin shafukansa kaɗan ne kuma zai gyara idon duk wanda ke zaton shuka ciyawa ita ce ƙarshen aiki. Amma a karanta shi da sanin cewa marubuciyar ta gaji filayenta ne. Mu namu har yanzu dawa ce a tsaye a cikinsu. A hoton da ya fi sabunta, gaba kaɗan da gidan yayata, akwai gonaki uku da wata babbar ɗorawa a tsakiyarsu, kuma an riga an kafa turaku a ta farkon.